Gafara da Jinƙai a Koyarwar Almasihu: Tambayoyi da Amsoshi

Na yi shekaru ina koyar da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a majami'armu ranar Laraba da yamma, kuma babu batun da ke tsayar da mutane bayan an tashi kamar batun yafewa. A cikin aji kowa yana gyaɗa kai. Sai an fito waje ne wata uwa za ta jawo ni gefe ta ce, "Malam, ai ba ka san abin da aka yi mini ba." Gaskiyarta kuwa, ban sani ba sai ta faɗa. Tambayoyin da ke ƙasa daga irin wannan tsayuwa a bakin ƙofa suka fito, na kuma bar su kusan yadda aka yi mini su.

Yafewa da haƙuri ba abu ɗaya ba ne?

Suna tafiya tare, amma kowanne da aikinsa. Haƙuri daurewa ne. Mutum zai iya yin haƙuri shekara 20 da ɗan'uwansa, suna gaisawa, suna cin tuwo a kwano ɗaya, alhali ƙullin yana nan a zuci bai kwance ba. Mu Hausawa mun iya wannan ƙwarai, shi ya sa wani lokaci rigimar gado kan tashi a gidan da kowa ke yabo da zaman lafiya.

Yesu kuwa da harshen bashi ya yi maganar gafara. A Addu'ar Ubangiji, a Matiyu 6:12, kalmar da ke cikin Helenanci ta asali bashi take nufi: ka yafe mana basussukanmu kamar yadda mu ma muke yafe wa waɗanda muke bi. Wanda ya cuce ka ya ci bashinka. Ya ɗauki wani abu naka, ko kuɗi, ko mutunci, ko lafiya, ko ran wani naka, kuma zuciyarka tana da littafin da ta rubuta. Yafewa ita ce ka yage wannan shafi, ka daina bin sa ramuwa, ka daina fatan ganin faɗuwarsa. Duk ɗan kasuwa ya san cewa in aka yafe bashi, kuɗin ba sa dawowa daga sama. Mai yafewa ne ya ɗauki asarar. Wannan ne ya sa yafewa take da zafi, kuma duk mai wa'azin da ya ce maka abu ne mai sauƙi, ina shakkar ko ya taɓa yin ta. Ga mai bin Almasihu, gicciye shi ne wurin da Allah da kansa ya ɗauki asarar bashinmu.

Me ya sa ake cewa dole ne? Ba ganin dama ba ne?

Amsar tana cikin misalin da Yesu ya ba Bitrus a Matiyu 18:23-35, kuma sai an yi lissafi ake jin nauyinsa. Wani bawa yana da bashin talanti 10,000 a wurin sarki. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuwa ladan lebura ne na yini guda, kamar yadda Matiyu 20:2 ya nuna. Ke nan bashin ya kai ladan yini miliyan 60. Ko da mutum yana aiki kwana 300 a shekara bai taɓa ko kwabo ba, sai ya yi shekara 200,000 kafin ya biya. Da bawan ya durƙusa yana cewa a yi masa haƙuri zai biya duka, maganar banza yake yi, sarki ma ya sani. Sai tausayi ya kama sarki, ya sake shi, ya yafe bashin gaba ɗaya.

Yana fita ya gamu da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe masa wuya. Ku lura, Yesu bai ce dinari 100 ba kome ba ne. Ladan fiye da wata uku ne, kuma duk wanda aka riƙe wa albashin wata uku ya san ba wasa ba ne. Abin da aka yi maka babba ne. Sai dai in ka ajiye shi kusa da abin da aka yafe maka, ka ga tazarar.

Don haka Bulus ya rubuta a Afisawa 4:32 da Kolosiyawa 3:13 cewa mu yafe wa juna kamar yadda Allah ya yafe mana cikin Almasihu. Ba sayen gafarar Allah muke yi da tamu ba. Tasa ce ta riga zuwa. Amma Matiyu 6:15 bai ɓoye kome ba: wanda ya ƙi yafe wa mutane, Uba ma ba zai yafe masa ba. Ni dai na fahimci wannan da cewa zuciyar da ta kulle ƙofa ga ɗan'uwa, ita ce ke nuna ba ta taɓa gane girman bashin da aka yafe mata ba.

Har sau nawa?

Bitrus ya ce sau bakwai, yana ganin ya yi ƙoƙari. Yesu ya ce bakwai har sau saba'in, wasu fassarori kuma sun ce sau 77. Akwai tsohon labari a bayan wannan lamba. A Farawa 4:24 Lamek, ɗaya daga zuriyar Kayinu, ya yi wa matansa kirari cewa in za a rama wa Kayinu sau bakwai, shi za a rama masa sau 77. Yesu ya ɗauki lissafin ramuwar gayya ya juya shi ya zama na gafara. Wanda yake ƙirga har ya kai 490 bai fara yafewa ba tukuna.

Na ce na yafe, amma abin yana dawo mini. Ƙarya na yi ke nan?

A'a, 'yar'uwa, ba ƙarya kika yi ba. Babu ayar da ta umarce mu mu manta. Hausawa ma sun ce in maye ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba. Inda Irmiya 31:34 ya ce Allah ba zai ƙara tunawa da zunubinmu ba, ma'anarsa ba zai ƙara tayar da shi ya hukunta mu a kansa ba. Allah ba ya mantuwa irin tamu.

Dubi Yusufu. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka jefa shi a rijiya, sannan suka sayar da shi. Sai bayan shekara 22 ya bayyana musu kansa a Masar, yana kuka har gidan Fir'auna suka ji. Mahaifinsu Yakubu ya ƙara shekara 17 a Masar kafin ya rasu, kuma bayan jana'iza, kusan shekara 40 da faruwar abin, Yusufu ya ce musu a Farawa 50:20, kun nufe ni da mugunta, Allah kuwa ya nufe shi da alheri. Ya kira muguntar da sunanta. Bai manta rijiyar ba. Amma ya ci gaba da ciyar da su da 'ya'yansu.

Yafewa shawara ce da mutum ke yankewa a gaban Allah, zuciya kuma takan biyo baya a hankali, kamar ciwon da aka ɗinke amma yana tsami in sanyi ya shigo. Duk ranar da abin ya taso, ki sake miƙa shi. Wani lokaci "bakwai har sau saba'in" laifi ɗaya ne ake yafewa sau da yawa.

Wanda bai nemi gafara ba, bai ma yarda ya yi laifi ba, shi ma sai na yafe masa?

Nan malaman Littafi Mai Tsarki sun ɗan rabu, kuma ya kamata a faɗa. Wasu suna riƙe da Luka 17:3, inda Yesu ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Wasu suna riƙe da Markus 11:25, inda ya ce duk sa'ad da kuka tsaya yin addu'a, in kuna da wata ƙullalliya da wani ku yafe, ba tare da an ambaci tuba ba.

A ganina ayoyin biyu ba sa faɗa da juna, abubuwa biyu suke magana a kai. Akwai sakin bashin a zuciya, wannan tsakaninka da Allah ne, ba ya jiran kowa. Yesu yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, suna tsakiyar rabon tufafinsa. Istifanas ma haka, duwatsu suna sauka a kansa yana cewa kada a ɗora musu wannan zunubi, kuma cikin masu goyon bayan kisan akwai wani saurayi mai suna Shawulu, wanda daga baya ya zama Bulus. Sai kuma sulhu, wato komawar zumunci yadda yake. Shi sulhu hannu biyu yake bukata. Romawa 12:18 ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke wuyanku, ku zauna lafiya da kowa. Bulus ya san wani lokaci ba ya yiwuwa.

Amana kuma daban take. Wanda ya ci kuɗin baiko ana iya yafe masa yau, amma ba za a mayar masa da makullin ma'aji gobe ba. Yusufu kansa sai da ya gwada 'yan'uwansa da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu, ya ga ko za su sake yasar da ƙaninsu, kafin ya buɗe musu zuciyarsa.

Mai bi zai iya cewa "Allah ya isa" ko "na bar ka da Allah"?

Ya danganta da abin da ke cikin cikinka sa'ad da kake faɗa. Miƙa shari'a ga Allah koyarwar Littafi ce. Romawa 12:19 ya ce kada ku rama, ramuwa ta Ubangiji ce. 1 Bitrus 2:23 ya ce da aka zagi Yesu bai rama ba, sai ya danƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya. Bulus ma ya ce game da Iskandari maƙeri, wanda ya yi masa mugunta ƙwarai, Ubangiji zai sāka masa gwargwadon aikinsa.

Amma mu faɗi gaskiya, sau da yawa "Allah ya isa" a bakinmu la'ana ce da aka sa wa rigar addini. Muna faɗa ne muna jiran labarin hatsarin mota ko gobara, in kuwa ya zo mu ce "ai alhaki ne." Aya ta gaba a Romawa 12 ita ce ma'auni: in maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci, in yana jin ƙishi ka ba shi ruwa. In za ka iya barin mutum da Allah kana kuma roƙon Allah ya shirye shi ya ji ƙansa, to ka bar shi da Allah da gaske.

In na yafe, zan iya kai ƙara wurin 'yan sanda ko kotu?

Za ka iya, wani lokaci ma wajibi ne. Babin da ya hana mu ramuwa, Romawa 12, shi ne babi na 13 ya biyo, inda aka ce mai mulki bawan Allah ne da aka ba takobi don hukunta mai mugunta. An karɓe ramuwa daga hannunka an ba hukuma shari'a. Bulus da kansa, bayan an yi musu bulala shi da Sila a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da su.

Ranar 13 ga Mayu 1981 wani Baturke mai suna Mehmet Ali Agca ya harbi Fafaroma John Paul na Biyu a dandalin Bitrus a Vatican. Bayan kwana huɗu, daga gadon asibiti, Fafaroma ya sanar cewa ya yafe masa. A Disamba 1983 ya je kurkuku a Roma ya zauna da shi suka yi magana. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000. Gafarar ta gaskiya ce, hukuncin ma ya tsaya.

Abin da 1 Korantiyawa 6 ya tsawata shi ne masu bi su riƙa jan juna gaban alƙali a kan ƙananan rigingimun dukiya da dattawan ikilisiya za su iya sasantawa. Ba a rubuta shi don a rufe fyaɗe ko kisa ba. Ina faɗin wannan da ƙarfi domin na ga inda aka lalata yarinya ƙarama, aka tara iyayenta aka ce su yafe "don kada sunan ikilisiya ya ɓaci." Wannan zalunci ne a kan zalunci. Wanda aka rufa wa asiri a irin wannan, wata yarinyar zai nema. Jinƙai ga yaran da ke gaba shi ne a kai shi gaban hukuma.

Mijina yana dukana. Duk wanda na gaya wa sai ya ce in yi haƙuri in yafe.

Mama, ki fara tsira da ranki da na 'ya'yanki. Yafewa ba ta ce ki tsaya a inda za a kashe ki ba. Dawuda bai ɗaga hannu a kan Sarki Saul ba, sau biyu ya same shi a hannu ya ƙyale shi, amma da Saul ya sake jifansa da mashi bai tsaya jiran na gaba ba, gudu ya yi. Ko bayan Saul ya yi kuka ya ce ya yi laifi, Dawuda bai koma fada ba. Yesu ma da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, ya tambaye shi, in gaskiya na faɗa, don me ka mare ni?

Ki gaya wa fasto da dattawa da shugabannin zumuntar mata, ki gaya wa danginki, in abin ya kai ga rauni ki je asibiti ki kuma sanar da hukuma. A Najeriya akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, jihohi da yawa kuma sun amince da ita. Ku kuma dattawa, kalmar "yi haƙuri" tana da sauƙin faɗa ga mai rauni domin ita ba za ta yi muku gardama ba. Wanda ya kamata a zaunar shi ne mijin, a karanta masa Afisawa 5:28-29 da Kolosiyawa 3:19, a sa shi ƙarƙashin horo in ya ƙi ji. Tubansa kuma a gan shi a aikace na tsawon lokaci, hawayen dare ɗaya bai isa ba.

An kashe mini mutane a rikici. Ta yaya za a ce in yafe?

Wannan ce tambayar da nake jin tsoron amsawa da sauri. Duk wanda ya zauna a Kaduna ko Jos ko kudancin Borno ya san ba tambayar takarda ba ce. Abu na farko, kada kowa ya zo gidan makoki da wa'azin yafewa a rana ta biyu. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Romawa 12:15 ya ce ku yi kuka da masu kuka. Littafin Zabura cike yake da kukan waɗanda aka zalunta, har da kalmomi masu zafi irin na Zabura 137, kuma Allah bai share su daga Littafinsa ba. A Wahayin Yahaya 6:10 waɗanda aka kashe saboda shaidarsu suna kira, har yaushe, ya Ubangiji? Kana da izinin kai fushinka gaban Allah yadda yake.

Amma akwai waɗanda suka bi wannan hanya a ƙasarmu, muna kuma iya kallonsu. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna, yana jagorantar matasan Kirista. A ɗaya ɓangaren Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna, suka yi aikin sulhu har a Yelwa da Shendam a jihar Filato. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsu shi ne abin da Fasto Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a: sun yi shekaru suna aiki tare, suna tafiya tare, alhali tunanin kashe Ashafa bai bar zuciyarsa ba. Sai da wani mai wa'azi ya gaya masa cewa ba zai iya yi wa mutanen da yake ƙi wa'azin Almasihu ba, sannan abin ya fara narkewa. Ashafa kuwa ya je duba mahaifiyar Wuye a asibiti. Ka ga, ba rana ɗaya aka yi ba, kuma ƙafa ta riga zuciya tafiya.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fara a Garkida a 1923, tana cikin ikilisiyoyin da tun asali suka ƙi ɗaukar makami. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilu 2014 'ya'yanta ne. A Oktoba na wannan shekara Boko Haram suka mamaye hedikwatarta a Kwarhi kusa da Mubi. An ƙone majami'unta masu yawa, membobinta suka watsu zuwa Yola da Jos da Kamaru. Shugabanninta ba su kira a rama ba, kuma agajin da suka raba ya kai ga Musulmin da rikicin ya kora su ma. Ban kawo wannan don in ce ciwonka ƙarami ne ba. Na kawo shi ne don ka san akwai masu irin tabonka da Allah ya ba ikon da ba nasu ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka ko kafin ka iya yafewa: kada ka ɗora laifin wanda ya kashe naka a kan mai shayi ko ɗan acaba da ke bin addininsa ko yarensa. Ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba ita ce ta cika mana maƙabartu.

Mene ne bambancin jinƙai da gafara?

Gafara tana fuskantar wanda ya yi maka laifi. Jinƙai ya fi faɗi, yana fuskantar duk wanda ke cikin wahala, ko da laifinsa ne ya kai shi. Sau biyu a Matiyu, 9:13 da 12:7, Yesu ya ɗauko maganar annabi Yusha'u cewa Allah jinƙai yake so fiye da hadaya. Yakubu 2:15-16 ya ce in ɗan'uwa ba shi da tufa ko abinci ka ce masa "sauka lafiya, Allah ya rufa asiri" ba ka ba shi kome ba, me ka yi?

Misalin Basamariye a Luka 10 ya faru ne a hanyar Urushalima zuwa Yariko, tafiyar kusan kilomita 27 mai gangara cikin duwatsu, wadda 'yan fashi suka saba tarewa. A nan suka doki wani mutum suka bar shi kwance da raunuka. Firist ya wuce, Balawe ya wuce. Wanda ya tsaya ɗan ƙabilar da Yahudawa ba sa ko shan ruwa a moɗa ɗaya da su ne, kuma a babin da ya gabata wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu har almajiransa Yakubu da Yahaya suka so a sauko musu da wuta. Basamariyen ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kwana yana jinya, ya bar dinari biyu, ya kuma ce in an kashe fiye zai biya.

Mu ma mun ga irinsa. A Yuni 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, wani tsohon limami, Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa a Nghar, ya fita ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu. Duk lokacin da na koyar da Luka 10 yanzu, shi nake tunawa, kuma maganar Yesu ta ƙarshe a misalin ita ce, je ka yi haka.

In ikilisiya tana koyar da jinƙai, me ya sa ake sa mutane a horo?

Domin horo na gaskiya magani ne, manufarsa a dawo da mutum. Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa matakai: ka same shi ku biyu, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai gaban ikilisiya. Mu kan tsallake na farko mu fara da tsegumi. A 2 Korantiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikilisiya hukuncin da aka yi wa wani ya isa, yanzu su yafe masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Inda nake ganin muna kuskure shi ne rashin daidaito. Yarinya ta yi ciki, an mayar da ita kujerar baya, an hana ta jibin Ubangiji, wanda ya yi mata cikin kuwa yana gaba yana kaɗa ganga. A Yahaya 8 ma mace kaɗai aka kawo, alhali an ce an kama ta cikin aikin zina. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yesu bai ce ba ta yi zunubi ba, ya ce ta tafi kada ta ƙara, amma sai da ya fara sa masu duwatsu suka dubi kansu.

Ni ne na yi laifin. Yaya zan nemi gafara?

Ka je da kanka, kada ka jira a kira ka. Matiyu 5:23-24 ya ce ko kana gaban bagade da baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Ka ambaci abin da ka yi da sunansa. "In na ɓata maka rai ka yi haƙuri" ba neman gafara ba ne, kai ma ka san ka ɓata. Kada ka haɗa da "amma kai ma." In akwai abin mayarwa ka mayar: Zakka ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai biya shi ninki huɗu, sannan Yesu ya ce yau ceto ya shigo gidan nan. In ƙarya ka yi wa mutum a gaban jama'a, a gaban jama'ar za ka wanke shi. Bayan haka ka ba shi lokaci. Gafara roƙonta ake yi, ba a ƙwace ta, kuma ba daidai ba ne ka ɗauko aya ka ɗora masa a wuya.

Malam, kai ka taɓa yin abin da kake koya mana?

Wani ɗan'uwa da muke sujada tare ya sayar mini da fili, ashe ya riga ya sayar wa wani. Kuɗin da ni da matata muka tara shekara shida ne, har da adashenta. Dattawa suka zaunar da mu, ya amsa laifinsa, ya biya ƙasa da rabi, daga nan ya daina. Na ce na yafe a gaban dattawa domin ana kallona a matsayin malami, amma kusan shekara biyu, in ana Addu'ar Ubangiji aka zo kan "kamar yadda mu ma muke yafewa," sai in yi shiru har a wuce wurin. In na hango shi a layin jibin Ubangiji sai in ji abincin ya tsaya mini a wuya.

Matata ce ta ce mu fara ambatar sunansa a addu'ar safe. Da farko baki kawai ke faɗa. Na yi watanni ina roƙa masa albarkar da ba na so ya samu. Wata rana da dare aka buga mana ƙofa, matarsa ce, ɗansu ƙarami yana suma da zazzaɓi, shi kuma ya yi tafiya, babu mai abin hawa a layin sai ni. Na goya su a babur zuwa asibiti, na zauna a benci har asuba, na biya kuɗin allurar farko. A kan wannan benci ne na lura ina roƙon Allah ya raya yaron da dukan zuciyata, babu sauran lissafi a ciki.

Ragowar kuɗin bai biya ba har yau, na kuma gaya masa a gaban dattawan nan cewa na daina bi. Yaron ya warke, yanzu yana makarantar sakandare. Ranar Lahadin da ta biyo bayan daren asibitin ne na fara faɗin wannan layi na addu'ar da murya tare da jama'a.